Shekarun Waliyyu, Mai Ba Jirgi Hannu

Duk faɗin ƙasar Aliero babu taku ɗaya na layin dogo. Babu shi a Jega, babu shi a Maiyama, kuma tsofaffin Danwarai da dama sun koma ga Allah ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Amma a Danwaran nan aka haifi Waliyyu, ɗan Malam Dalhatu na fari, wanda ya tashi ya rasa sana'ar da zai so a duniya sai ba jirgi hannu. Ga albasa a fadamar gidansu, ga allo a zauren ubansa, ya tsallake su duka ya je ya ƙulla ƙauna da ƙarfe.

Laifin wata tsohuwar babbar mota ne. Bayan ya gama sakandare a Aliero, Waliyyu ya yi shekaru yana rakiyar kaya, wato a loda albasa a nan, ya hau saman buhuna ya bi ta har kudu don kada a yi mata ragi a hanya. A wata tafiya sun bar Jega, sun wuce Maiyama da Yawuri da Kwantagora lafiya lau, sai a kusa da Mokwa motar ta yi tari biyu ta ce ga garinku nan. Kwana uku ana jiran ƙarfen da za a sa mata. Direba ya yi shimfiɗa a ƙarƙashinta yana ta sharar barci, albasa tana ta gumi a buhu, shi kuwa Waliyyu da zaman ya ishe shi ya bi wata 'yar hanya, ya ɓulla a wata ƙaramar tashar jirgi.

A gefen tashar akwai wani ɗaki a bisa, duk tagogi, ana hawansa da matakala. A ciki wani dattijo ne Bazazzagi mai suna Baba Auwal, yana tsaye gaban jerin dogayen ƙarafa masu jan fenti da baƙi. Waliyyu ya yi sallama ya roƙi ruwan sha, aka ba shi, ya sha, ya ƙi sauka. Yana nan aka buga ƙararrawa a bango. Baba Auwal ya ɗora tsumma a kan wani ƙarfe, ya dafe ƙafa ya jawo shi, sai can nesa wani hannun katako da ke bisa doguwar sanda ya sunkuya. Ba a jima ba ƙasa ta fara rawa, jirgin kaya ya shigo, direbansa ya miƙo hannu ta taga ya karɓi wani guntun ƙarfe da aka ɗaure a zobe, ya wuce.

"Baba, mi ab ba ka iko bisa abin ga duk girmanai?" in ji Waliyyu.

Dattijon ya yi dariyar Sakkwatancin tukuna, sannan ya ce, "Guntun ƙarfen nan da ka gani. Tsakanina da tasha ta gaba layi ɗaya ne, ƙarfen kuma ɗaya ke fita daga akwatinsa. Wanda ba ya riƙe da shi ba ya shiga, ko waye a cikin jirgin."

Waliyyu ya kai albasa kudu, ya dawo gida ya sallami masu kaya, bayan sati biyu ya koma tashar da jakarsa. Aka ɗauke shi leburan wucin gadi. Aikinsa shafa wa mahaɗar layi mai, da nome ciyawar da ke cinye wayoyin sigina, da goge gilashin fitilu. Sauran kuwa Baba Auwal ya koya masa su a kyauta, da zagi kaɗan-kaɗan: yadda ake neman izini daga tasha ta gaba, yadda ake maimaita saƙo kalma bayan kalma kafin a ajiye waya, yadda ake rubuta lokacin kowane jirgi a littafi nan take ba sai an sha shayi ba, da dalilin da ya sa ba a taɓa kan ƙarfe da hannu tsirara, don gumi na sa shi tsatsa. Jiragen tsohon layi jefi-jefi suke zuwa. Wani lokaci mutum ya yi awa takwas cur abin da ya ratsa tashar bai wuce garken shanu ba. Duk da haka Baba Auwal bai taɓa yarda a kishingiɗa ba, ya ce jirgi ba ya aiko goron gayyata.

Aikin karɓa-karɓa ne. Mai safe ya kama ƙarfe shida ya sauka biyu, mai rana ya kai goma, mai dare ya riƙe har gari ya waye. In mutum yana son hutu mai tsawo sai ya riƙe wa abokinsa kwanaki, abokin ya rama masa daga baya. Da haka Waliyyu yake tara kwana biyar ko shida ya zo gida lokacin dashen albasa da lokacin cira. A ɗaya daga cikin zuwan nan aka ɗaura masa aure da Ni'ima, 'yar Jiga Birni, yarinya mai wayar hannu da saurin baki.

Mutanen gari sun sa masa Mai Jirgi. Da farko sun zaci shi ke tuƙawa, har ana nuna shi a kasuwar Aliero. Da ya yi musu bayani cewa shi ko hawa ba ya yi, tsayar da shi kawai yake yi ya sake shi, sai darajarsa ta ɗan sauka. Wani tsoho ya ce shi bai ga amfanin mutum ya bar fadama ya je ya yi gadin abin da ke wucewa ba. Malam Dalhatu kuwa bai taɓa kushe aikin ba. Ya ce duk sana'ar da ke hana mutane mutuwar taro sana'a ce, ya sa albarka, ya ci gaba da darasunsa.

A shekara ta biyar abubuwa biyu suka zo tare. Baba Auwal zai yi ritaya, kuma za a sallami leburorin wucin gadi na tashar. Sai ga sanarwa an buɗe ɗaukar masu ba jirgi hannu na dindindin, a sabon layin da ake tafiyar da shi da na'ura. Baba Auwal ya yanko sanarwar daga jarida ya danƙa masa.

"In ka samu wannan ka zama ɗan reluwe har tsufa. In ka rasa, ka koma saman buhu. Sauran kwana tara a rufe."

Waliyyu ya karɓi hutu ya yiwo gida, ya zarce wani shagon kwamfuta kusa da jami'ar Aliero. Takardar sakandare, akwai. Hoto, akwai. Shaidar ƙaramar hukuma, akwai. Wasiƙar Baba Auwal, ga ta har da hatimi. Sai mai shagon ya nuna masa layi biyu a ƙasa. Kada shekarun mai nema su wuce talatin. Wanda kuma ba shi da takardar haihuwa ta asibiti, sai mahaifinsa ko wani babba nasa ya je kotu ya yi rantsuwa a kan ranar da aka haife shi. Waliyyu ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Tun firamare ya haddace ranar haihuwarsa, ɗaya ga Janairu, shekarar da ta sa shi ashirin da takwas. Ya sa aka buga masa ita a takarda ya nufi Danwarai yana fito.

Ya sami Malam a zaure bayan azahar, ya durƙusa ya karanta masa. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Wagga rana da kaz zo da ita, wa yab ba ka ita?"

"Hedimasta na, Malam."

"Hedimasta shina nan sa'ad da anka haihe ka?"

"A'a, Malam."

"To ni ina nan."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon littafin fiƙihu a cikin gafaka. Ya buɗe bangon baya, inda ya jera haihuwar 'ya'yansa da tawada, ya ɗora yatsa a layin farko. An haifi namiji ranar Laraba da hantsi, goma ga Rajab, shekara ta 1407.

"Hedimastan ga, Allah shi jiƙanai, duk ajinku rana guda yab ba ku, kamar 'yan tsaki. Kai azumi talatin da ɗaya kag gani a duniya. Talatin ka cika ta tun Rajab da yaw wuce. Shin so kake in tahi gaban alƙali in ɗaga hannu in cinye shekara kusan ukku?"

"Malam, kowa haka shika yi. Ba wanda ka dubawa."

"Akwai mai dubawa," in ji Malam. Ya rufe littafin a hankali. "Ina son ka samu aikin ga, Allah ya sani. Amma wagga ba ni iyawa."

Waliyyu ya fito daga zauren. Abu biyu suka dame shi, kuma na biyun ya fi ciwo. Malam ya ƙi, sannan ashe shi da kansa ya tsufe wa aikin bai sani ba. Mutumin da ke iya lissafa minti nawa jirgin kaya zai ci tsakanin tasha da tasha, bai ko tsaya ya yi wa maganar lissafi ba. Malam ya faɗa, littafi ya nuna, shi ke nan.

Kwana shida ya yi yana fushin da ba shi da inda zai sauke shi. Yana gaishe da Malam safe da yamma kamar kullum, sai dai gaisuwar ta gajarce. Ya tura ƙanin Malam ya roƙa, aka ba shi shayi aka sallame shi. Ya tura limamin gari, liman ya shiga zai yi lallashi ya fito yana cewa ai Malam ya fi shi gaskiya. Ni'ima ta ce ita a ganinta a nemi wani tsohon kawai, tsofaffi ba su ƙare a ƙasar nan ba.

A rana ta bakwai ya bi shawararta, ya hau kabukabu zuwa Jega. A bakin kotu, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, akwai masu zaman jiran irin wannan matsala. Wani mai furfura da jar hula ya taso tun kafin ya sauka daga babur.

"Shaidar shekaru ta? Kawo takarda. Ni baffanka na, tun kana goye nis san ka. Mi as sunanka?"

Suka taka tare har bakin ƙofar magatakarda. A nan Waliyyu ya dubi sabon baffan nasa, yana gyara hula yana maimaita sunan Danwarai don kada ya manta, sai kunya ta rufe shi. Ya tuna gobe da safe zai durƙusa gaban Malam, Malam ya tambaye shi ina aka kwana, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba tun yana yaro. Ya karɓe takardarsa, ya ba mutumin haƙuri. Baffan ya bi shi har bakin titi yana cewa zumunci ya lalace a zamanin nan.

Ya iso gida bayan la'asar, ya ce wa Ni'ima ta haɗa masa kaya, gobe zai koma ya yi sallama da Baba Auwal ya kwaso 'yan komatsansa. A tsakar gida ya faɗa, a gaban kowa. Malam yana zaune a ƙofar ɗakinsa da butar alwala. Inna Hindu, mahaifiyar Waliyyu, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a faifai.

Inna Hindu 'yar Maiyama ce, kuma mace ce ta da. Ɗan fari a wurinta ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye in da mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun da aka haifi Waliyyu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce wancan, ko mai jirgin ga. Duk kwanakin nan da gida ya yi tsami ba ta tofa komai ba, har Waliyyu ya ɗauka maganar ba ta ma kai kunnenta ba. Sai ga shi ta yi gyaran murya, idonta a kan faifai.

"Ni'ima, zaka nan ki riƙa man lissahi. Ni ban yi karatu ba, kaina ba shi riƙe abu."

Ni'ima ta zo ta tsuguna.

"Ranar da anka haihi wani a gidan ga, ana cirar albasa. Ina sane, don sai da anka je hwadama anka kira Malam, yaz zaka da lawashi maƙale ga riga. Wagga cirar ba mu sa ta ba, ita ta ranar haihuwa." Ta ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya ta ajiye a gefen tabarma. "Ta bayanta, shekarar da tsutsa tac cinye iri, munka sayo wani irin garin Kashin Zama. Ɗaya." Ta ajiye wata. "Shekarar da anka yaye shi, kakatai Inna Hamsatu tat tahi da shi Maiyama. Biyu. Shekarar da rudun ajiyar albasa yaf hwaɗi bisa akuyata. Ukku."

Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi tuntuɓe ba. Shekarar da ƙyanda ta kama shi. Shekarar da aka sa shi allo ya gudu ya ɓuya a rumbu. Shekarar da albasa ta yi arha har aka bar wa jakuna. Shekarar da Malam ya sauke farali. Shekarar da injin ban-ruwa na farko ya shigo gari, wani ya sa yatsa a bel ɗinsa aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero. Kowace cira da abin da ya same ta, kuma rabin abubuwan wancan ɗin suka samu. Waliyyu yana tsaye da jaka a hannu, yana jin tarihinsa yana fitowa daga bakin matar da ya ɗauka ko tsawonsa ba ta taɓa dubawa ba. Akwai zazzaɓin da shi kansa ya manta, ita tana riƙe da watan da ya yi shi. Ya ajiye jakar ya zauna a kan turmi.

Da ta kai cirar bara ta tsaya.

"Nawa kika gani?"

Ni'ima ta ƙirga sau biyu. "Ashirin da tara, Inna."

"To. Ta bana ita ta cikon talatin, ga ta can ƙasa ana ba ta ruwa, ba a cire ba." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ni dai ban sani ba, ki tambaya man Malam, shi ad da ilimi. Gwamnati azumi take lissahi, ko ko rani da damina?"

Malam ya daɗe yana kallon ƙwayoyin gyaɗar nan. Shi ne fa mutumin da manoman Danwarai ke zuwa wa ya duba musu taurari ya faɗa musu lokacin shuka, kuma shi ke koya wa manyan ɗalibansa cewa shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. Ya san abin sarai. Bai dai taɓa auna ɗan Adam da shi ba, gero da dawa kawai yake aunawa.

"Kwana goma sha ɗaya," ya ce a hankali.

Ya share ƙasa da tafin hannu ya shiga zane da yatsa. Sha ɗaya sau talatin, kwana ɗari uku da talatin, wajen wata goma sha ɗaya ke nan. Ya cire su daga shekara talatin da wata tara. Ya goge ya sake, ya kuma sakewa. Sannan ya ɗago.

"Ga lissahin rana, ashirin da tara na da wata goma. Saura wata guda da 'yan kwanakki shi cika talatin."

Ni'ima ta riga ta zaro waya. Ta danna goma ga Rajab 1407, wayar ta ce sha ɗaya ga Maris 1987.

"Wace rana ta?" in ji Malam.

"Laraba, Baba."

"To wayag ga ta yi karatu," ya ce, yana murmushi har gemunsa na motsi. Ya juya wajen ɗansa. "Takardar hedimasta ƙarya ta, ba ni rantsuwa bisa gare ta ko gobe. Amma ni ma na ɗora maka shekarar da gwamnati ba ta ɗora maka ba. Ka yahe man kwana bakwai ɗin ga."

Waliyyu ya sauko daga kan turmi. Ya durƙusa yana cewa shi ne mai neman gafara, dariya da hawaye suna rige-rigen fita. Ya so ya je ya faɗi gaban Inna, amma ta riga ta tattara gyaɗarta, har da ashirin da taran, ta shige madafa tana faɗan an bar mata wuta ta mutu.

Washegari Malam ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya rataya gafaka, suka tafi Jega. Baffan jiya yana nan a gindin bishiyarsa, ya ga Waliyyu da uba na gaske, ya kau da kai. Magatakarda ya buga takarda ya turo, ya nuna inda za a sa hannu, don akwai layi a baya. Malam ya ce sai an karanta masa da Hausa, daga sama har ƙasa. Aka karanta. Ya buɗe littafinsa ya nuna wa magatakarda layin tawada, mutumin da ko ajami bai iya ba ya gyaɗa kai don a wuce wurin. Sannan Malam ya ɗaga hannu ya yi rantsuwarsa da murya sosai, ya ƙara da cewa ranar shi ne shaidarta, shekarun kuwa uwar yaron ce ta riƙe su. Magatakarda ya ce babu gurbin wannan a takarda. Malam ya ce ba komai, an dai ji.

A hanyar Aliero, suna matse a bayan mota tsakanin buhunan taki, Malam yana ta motsa yatsu. Can ya ce, "Ashe ni ma ga lissahin nan ban kai saba'in ba. Sittin da takwas nike."

"To ai sai mu koma a yi maka taka takardar, Malam."

"A'a. Waɗanga biyun na riga na azumce su, ba ni maida su."

Suka shigar da takardu a shagon kwamfuta saura kwana ɗaya a rufe, bayan na'urar ta ɗauke sau uku, mai shago yana ta ba ta haƙuri. Aka kira Waliyyu jarrabawa a Kaduna. Aka gwada idonsa da wasu shafuka masu ɗigo-ɗigon launi, a ga ko yana raba ja da kore. Aka gwada kunnensa. Aka zaunar da shi gaban mutum uku, suka tambaye shi abin da zai yi in na'ura ta nuna layi a buɗe amma direba ya kira ya ce yana ganin tarago a gabansa. Ya ce zai tsayar da komai tukuna, ya yarda da wanda ke ganin hatsari har sai an tabbatar, suka dubi juna suka rubuta. Takardar shekarun kuwa, wadda ta hana gida guda sukuni har mako, wani jami'i ya ɗaga ta ya duba hatimi ya kife, ko ƙiftawa biyu bai yi a kanta ba. Waliyyu ya ji haushin wannan ƙwarai, har ya so ya ce masa ya ɗan karanta.

Bayan wata uku, an gama cira an zuba albasa a rudu, saƙo ya shigo wayar Ni'ima cewa an ɗauke shi. Malam ya tara ɗalibai aka yi addu'a, aka raba hoce da fura. Baba Auwal ya bugo waya daga Zariya ya ce kada ya kuskura ya kunyata shi.

Yau Waliyyu yana wata tasha a sabon layi, cikin ɗaki mai sanyi. Babu ƙarfen ja, babu tsumma. Allon na'ura ne a gabansa, layuka a zane, jirgi yana tafiya a kai kamar jan zare, shi kuma yana buɗe hanya yana rufewa da ɗan yatsa, yana magana da direbobi ta oba-oba. Sabbin ma'aikata suna yi masa dariya don har yanzu sai ya maimaita kowane saƙo kalma bayan kalma, da Sakkwatancinsa da ya ƙi barin Turancinsa ya zauna lafiya. Ya yi ƙiba kaɗan. Yana da komin albasa goma sha biyu a fadama da ƙannensa ke kula masa, da 'ya'ya uku da ke gaya wa abokansu babansu ne ke ba jirgi izini.

Jadawalinsa kuwa ya gagari mutanen gida. Safe biyu, rana biyu, dare biyu, hutu huɗu, kuma hutu ɗaya yake tsallakewa ya zo a na biyu, sai in ya yi musanya da wani, lissafin ya sake birkicewa. Kwanakin ba sa bin mako, ba sa bin wata. Malam ya gwada rubutawa a bangon littafi ya bari. Ni'ima ta sa a waya, wayar ta faɗa rijiya. Saboda haka duk mai son sanin ranar da Mai Jirgi zai zo, ko mai gayyatar suna ne ko mai neman a kai masa takarda Kaduna, ba ya wahalar da kansa da kira. Ciki yake shiga ya gaishe da Inna Hindu ya tambaye ta.

Takan ɓata fuska ta ce, "Ni ina ruwana da tahiyar wani? Ku tambayi matatai."

Sai mutum ya miƙe, ya kai bakin ƙofa yana neman takalmi, sannan ya ji ta daga baya, ƙasa-ƙasa, kamar da tukunya take magana.

"Yau shina dare na biyu. Jibi bayan la'asar, in motar Jega ba ta tsaya ba."